Yawon Dambe da Sana'ar Fawa: Tarihin Koyon Sana'a a Kan Hanya

A ƙasar Hausa ta dā, yawancin sana'o'in gado suna da wasan da masu su ke nuna bajinta da shi a bainar jama'a, ta yadda maƙera suka shahara da wasa da wuta, masunta da wasannin ruwa, mahauta kuwa da hawan ƙaho da dambe. Daga cikin waɗannan wasanni dambe ne ya fi yin nisan zango, har ya kai ga mutane da yawa a yau suna kallonsa ba tare da sun san yana da wata alaƙa da wuƙa da nama ba. Abin da ya ba shi wannan dama shi ne yawo, domin tun asali ɗan dambe matafiyi ne wanda yake bin kasuwanni da bukukuwa gari-gari a cikin ayarin manyansa, kuma a cikin wannan tafiya yake tara ilimin da zai ci abinci da shi bayan ƙarfinsa ya ja baya. Shekarun da mutum yake iya yi yana sa zare, wato yana karawa da abokan hamayya a fili, ba su da yawa idan aka gwada su da tsawon rayuwarsa, saboda haka tarihin dambe ba ya cika sai an dubi abin da saurayi yake koya a bayan fili, da kuma inda wannan koyo yake kai shi.

Fawa, wato sana'ar yanka dabbobi da sayar da nama, tana cikin sana'o'in da ake gada daga iyaye, kuma masu yin ta, waɗanda ake kira mahauta ko rundawa, suna da shugaba a kowane gari mai kasuwa, shi ne Sarkin Fawa, wanda yake sasanta rigingimunsu, yake kuma tsaya musu a gaban sarauta. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a wajajen 1950, ya nuna cewa al'ummar wancan lokaci tana ajiye mahauta a sahun ƙasa na martabar sana'o'i, kusa da makaɗa da maroƙa, ko da kuwa mahauci ya fi malami ko maɗinki kuɗi a aljihu. Wannan matsayi ya sa mahauta suka zama jama'a mai riƙe da junanta, suna yawan auratayya a tsakaninsu, suna da kiɗansu na kalangu, suna kuma da hanyoyinsu na samun suna waɗanda ba su biyo ta fada ko ta zauren malamai ba. Dambe yana cikin manyan waɗannan hanyoyi, domin a filinsa ne ɗan mahauci yake samun a kira sunansa da na ubansa a gaban hakimi da attajiri, a yi masa kirari, a yi masa kyauta.

Dalilin yawon kuwa yana cikin yanayin hajar da mahauci yake sayarwa. Nama ba ya kwana a zamanin da babu na'urar sanyaya kaya, sai dai a mayar da shi kilishi ko a banɗare shi, kuma ƙaramin ƙauye ba ya iya cinye sa guda a rana ɗaya sai idan akwai taro. Saboda haka mahauci yana bin jama'a duk inda suka taru, daga kasuwar da take ci yau zuwa wadda za ta ci gobe, daga bikin aure zuwa naɗin sarauta. Lokacin da ya fi kowane albarka shi ne kaka, bayan an girbe gero da dawa an cika rumbuna, lokacin da manomi yake da abin kashewa, ake ɗaura aurarraki, samari da 'yan mata kuma suke shirya kalankuwa, wato bikin murnar kammala aikin gona. Ayarin mahauta da ya sauka a irin wannan gari yana zuwa ne da abu biyu, nama da wasa, kuma kowannensu yana taimakon ɗan'uwansa: kalangu yana tara jama'a, dambe yana tsayar da su har yamma, jama'ar da ta tsaya kuwa ita ce take sayen tsire da balangu. Samarin garin, musamman 'ya'yan mahautansa, su ne suke fitowa su tari baƙin, domin kada a ce an zo har gida an yi kirari babu wanda ya amsa.

Bayani mafi daɗewa da aka fi ambatawa game da dambe a rubuce shi ne na Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya sauka a Kano a farkon shekarar 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya rubuta cewa ya sha jin labarin 'yan damben Hausa, don haka ya sa ladan wuri 2,000 domin a zo a yi wasa a gabansa, da sharaɗin kada a yi da gaske, saboda an gaya masa cewa karawar gaske takan kai ga rasa rai. 'Yan damben sun zo da makaɗa biyu da ɗaukacin mahautan gari a bayansu, mai kula da fili ya watsa wa 'yan kallo ƙasa domin su ja da baya a sami da'ira, aka naɗe hannun dama na kowane ɗan wasa da siririn ƙyallen saƙi, kuma da labari ya bazu sai 'yan mata suka bar tuluna a bakin rijiya, 'yan kasuwa suka bar kayansu, kowa ya nufo wurin. Abin lura a wannan bayani shi ne cewa shekaru 200 da suka wuce dambe ya riga ya zama wasa mai tsari, da makaɗansa da mai kula da filinsa da ladansa, kuma yana hannun mahauta a matsayinsu na ƙungiya. Wasu marubuta, cikinsu har da Edward Powe wanda ya yi littafi a kan wasannin jarumta na arewacin Nijeriya a 1994, sun lura da kamannin tsayuwar ɗan dambe da ta 'yan wasan da aka zana a tsohuwar Masar, wasu kuma suna cewa dambe horon yaƙi ne tun da ana kiran hannun duka mashi, ana kiran ɗaya hannun garkuwa. Kamanni dai ba hujjar asali ba ne, kuma alaƙar da take a fili, wadda shaidar gani da ido da al'adar baka suka haɗu a kanta, ita ce ta dambe da kasuwar nama.

Ƙa'idar wasan ba ta da sarƙaƙiya. Ana ɗaure hannu ɗaya da ƙyalle a bi shi da zare har ya yi tauri, da shi ake kai duka, ɗaya hannun kuma a buɗe yake, ana miƙa shi gaba domin karewa da auna nisan abokin karawa. Ana yin turmi uku, turmi kuwa shi ne zagaye ɗaya na karawa, kuma wanda ya sa abokinsa ya kai ƙasa, ko da hannu ko gwiwa ce ta taɓa, an ce ya yi kisa. Idan turmi uku suka ƙare kowa yana tsaye sai a ce babu kisa, a raba su. Mai kallo yana iya ɗauka cewa abin da ake bukata kawai ƙarfin damtse ne da taurin rai, amma yaron da ya shiga ayari yakan daɗe kafin a bar shi ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun.

Yaro yana fara bin ayari ne a matsayin ɗan aike. Shi ne mai ɗaukar jakar maigidansa wadda take ɗauke da zare da layu da warki, shi ne mai ɗebo ruwa da nemo itace, shi ne mai riƙe ƙafar dabba idan za a yanka, mai wanke kayan ciki, mai hura wutar tukuba, wato tudun tokar da ake kafa tsinkayen tsire a kewayensa. Da yamma idan an kafa fili, shi da tsararrakinsa ne suke share fage da ƙananan karawa kafin manya su fito, kuma daga nan maigida yake gane wanda yake da zuciya da wanda yake da gaggawa kawai. Ɗaure hannu ma darasi ne mai zaman kansa, domin ɗaurin da ya yi sako-sako yana jawo targaɗe ko karaya, wanda ya matse fiye da kima kuma yana kashe hannun tun kafin a shiga fili, don haka yaro yakan ɗaure wa wasu sau da yawa kafin a amince ya ɗaure wa maigidansa. Wannan dangantaka ta maigida da yaro ta bar alama a sunayen 'yan dambe har yau, inda ake jin Shagon wane, Bahagon wane, Garkuwan wane ko Autan wane, kowane suna yana jingina matashi ga wanda ya rene shi a wasa. Amfanin wannan jingina a aikace yake: baƙon yaron da ba a taɓa gani ba, da zarar mai shela ya faɗi sunan maigidansa, jama'a sun san irin dambensa da irin tarbiyyarsa, sun kuma san wanda za a kai wa ƙara idan ya yi ba daidai ba.

Darasi na farko mai nauyi da ɗan dambe yake koya shi ne kiyasi. A damben gargajiya ba a auna nauyin 'yan wasa, ba a kuma tilasta wa kowa abokin karawa. Mutum yana fitowa ya nuna wanda yake so, wancan kuma yana da damar ya amsa ko ya ƙi. Wannan ya sa dole matashi ya iya duban mutumin da bai taɓa gani ba ya auna tsawon hannunsa, da yadda yake dasa ƙafa, da ko bahago ne, da ko kirarin da yake yi ya fi ƙarfinsa, sa'an nan ya yanke shawara cikin ɗan lokaci kaɗan a gaban jama'a masu zuga shi. Wanda yake amsa kowace gayyata ba ya daɗewa a wasa, wanda yake ƙin kowace kuma ba ya yin suna. Irin wannan ido ne mahauci yake bukata a kara, wato kasuwar shanu, inda ba a sayar da dabba da sikeli, sai dai mai saye ya dube ta, ya shafa gadon bayanta da ƙirjinta, ya ƙiyasta naman da za ta bayar da kitsen da ke jikinta, ya yi tayi alhali dillali yana matsa masa. Kuskure kaɗan a wannan lissafi yana cinye ribar mako guda, kuma saurayin da ya saba yanke shawara a cikin hayaniyar fili ba ya saurin ruɗewa da hayaniyar ciniki.

Darasi na biyu, wanda ya fi na farko daɗewa a hannun mai shi, shi ne sanin mutane da garuruwa. Ayari ba ya sauka a gari haka kawai. Akwai gaisuwa ga mai gari, akwai Sarkin Fawan wurin da za a nemi izininsa, shi ne kuma sau da yawa yake ba da masauki ko ya nuna inda za a sauka, akwai kason da za a fitar masa daga abin da aka yanka. Yaron da ya yi kaka uku ko huɗu yana wannan zagaye yakan san ranar da kowace kasuwa take ci, da inda awaki suke araha, da hanyar da ake bi a guje wa 'yan fashi, da gidan da ake karɓar baƙo da wanda ba a karɓa, ya kuma ji karin harshen Sakkwatanci da Katsinanci da Kananci har ya iya ciniki da kowa. Muhimmancin wannan sani yana fitowa ne idan aka tuna cewa cinikin dabbobi a kan bashi yake tafiya: mahauci yakan karɓi sa da safe, ya yanka, ya sayar, ya biya da yamma ko bayan kwanaki, kuma babu takardar da take tsakaninsa da mai dabba sai sanayya da wanda ya tsaya masa. Abner Cohen, a binciken da ya yi a unguwar Sabo ta Ibadan wanda aka buga a 1969, ya bayyana yadda fataken shanu daga arewa suke dogara ga masu gida, wato masu masaukin da suke saukar da su, su haɗa su da masu saye, su kuma lamunce bashin da aka ci. A irin wannan tsari babban jari shi ne a san mutum, kuma tsohon ɗan damben da aka taɓa gani yana kisa a gari goma yana shiga kasuwa da wani abu da ɗan'uwansa da bai taɓa barin gida ba sai ya yi shekaru kafin ya tara.

Akwai kuma sha'anin kuɗi da suna, waɗanda a dambe ba sa rabuwa. Abin da ɗan wasa yake samu a dā kyauta ce daga masu kallo, kuɗi ko riga ko dabba, kuma ba nasa ba ne shi kaɗai, domin maigida yana da rabo, yaran da suka yi hidima suna da nasu, makaɗa da maroƙa kuwa su ne ba a yi wa rowa, saboda a bakinsu sunan mutum yake. Kowane shahararren ɗan dambe yana da take, wato kiɗan da aka keɓe masa wanda da an buga shi ya san da shi ake, kuma makaɗin da aka kyautata wa shi ne yake kai labarin kisa garuruwan da ɗan wasan bai taka ba. Misalin da kowane mai sauraron waƙoƙin Hausa ya sani shi ne na Shago da mawaƙinsa Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar Sakkwato, wanda waƙoƙinsa suka ratsa ƙasar Hausa ta rediyo da kaset, suka sa sunan Shago da na abokan zamaninsa irin su Ɗandunawa suka wuce iyakar masu zuwa kallon dambe. Matashin da ya tashi a cikin wannan yanayi yana koyon cewa abin da ya shigo hannu ana raba shi bisa ƙa'ida, cewa wanda ya cinye shi kaɗai gobe ba shi da mai ɗaure masa hannu, kuma cewa ana kashe kuɗi a sayi suna domin suna ya jawo wasu kuɗin. Duk wanda ya taɓa ganin yadda babban mahauci yake tafiyar da yaransa a mayanka, yana ware wa mai fiɗa nasa, mai wankin ciki nasa, mai talla nasa, zai gane cewa tsarin ɗaya ne.

Ba a rasa ilimin jiki a ciki ba, ko da yake a nan gaskiya da camfi sun cakuɗe. 'Yan dambe sun daɗe suna dogara ga layu da guraye da tsagar da ake yi a hannu a shafa magani, kuma malamai sun daɗe suna sukar wannan ɓangare na wasan. Amma a gefen waɗannan akwai sani na zahiri game da gasa kumburi da ruwan zafi, da gane targaɗe daga karaya, da sanin maɗorin da ya iya aikinsa a kowane yanki, da abincin da yake riƙe mutum a kan doguwar tafiya. Sama da duka akwai koyon faɗuwa a gaban jama'a, domin da wuya a sami ɗan damben da ba a taɓa kashewa ba, kuma al'adar fili ta tanadi cewa wanda aka buge ya tashi, a gaisa, a bar maganar a nan. Mahauta mutane ne da wuƙa ba ta barin hannunsu, don haka ba ƙaramin abu ba ne a ce samarinsu sun saba da shan duka a bainar jama'a ba tare da sun mayar da shi gaba ba.

Ƙarni na 20 ya sauya hanyoyin da wannan yawo yake bi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motoci suka biyo baya, cinikin shanu zuwa kudu ya bunƙasa, unguwannin Hausawa da ake kira sabo ko zango suka yawaita a biranen kurmi har zuwa Gana da Kamaru. Cin rani, wato fitar da mazauna karkara suke yi bayan girbi domin neman kuɗi a birane kafin damina ta dawo, ya zama babbar al'ada, kuma 'yan cin rani sun tafi da wasanninsu. A birni ne aka sami gidan dambe, wato fili mai shinge da ƙofa inda ake biyan kuɗin shiga, ana wasa kusan kowace yamma ba tare da jiran kaka ba, mai gida yana biyan 'yan wasa daga abin da aka tara a ƙofa. Ba abin mamaki ba ne cewa da yawa daga cikin waɗannan gidaje suna kusa da kara ko mayanka ko tasha, kamar yadda ake gani a Dei-Dei da ke Abuja da kuma wajajen Agege a Legas. Da wannan sauyi ƙofar wasan ta buɗe ga waɗanda ba su gaji fawa ba, 'ya'yan manoma da leburori da direbobi suka shigo, kuma maimakon a yi hamayya tsakanin baƙi da 'yan gari sai 'yan wasa suka kasu ɓangarori uku da aka sani a yau, Kudu da Guramada da Arewa wadda ake kuma kira Jamus. Ɓangare yana yi wa ɗan dambe abin da ƙungiyar mahauta take yi masa a dā: duk garin da ya sauka yana da 'yan'uwa da za su karɓe shi, su ba shi wurin kwana, su tsaya a bayansa a fili.

Yawon bai tsaya ba, sai ma nisa da ya ƙara, domin ɗan damben zamani yakan yi makonni a Kano, ya wuce Kaduna ko Abuja, ya gangara Legas, ya dawo Katsina ko Gusau idan an sa gasar mota, wato gasar da ake ba zakaranta mota. Abin da ya sauya shi ne inda hanyar take ɓullewa. A tsohon tsari saurayi yana koyon dambe da fawa a tafiya ɗaya, kuma ranar da ya kwance zare akwai rumfa tana jiransa a kasuwa, da abokan ciniki da ya riga ya sani. A sabon tsari wanda bai gaji wuƙa ba yana fita da suna da sanayya, amma ba lalle ne yana da sana'ar da zai zuba su a ciki ba. Waɗanda suka yi dabara sun mayar da ilimin fili kansa sana'a: wasu sun zama alƙalan wasa, wasu masu haɗa karawa da kiran 'yan wasa daga gari zuwa gari, wasu sun riƙe sarautar Sarkin Dambe, wasu kuma sun buɗe gidajen wasa, kamar Ali Zuma, tsohon ɗan damben da gidansa na Dei-Dei ya zama ɗaya daga cikin sanannun filaye a Nijeriya. Tafiyar da gidan dambe aiki ne da yake bukatar duk abin da aka ambata a baya, daga sanin wanda zai ja jama'a idan aka haɗa shi da wane, zuwa raba kuɗin ƙofa ba tare da an tashi da rigima ba, zuwa zama lafiya da hukuma da masu unguwa. Wasu sun koma cinikin dabbobi ko tireda ko tuƙi da jarin da suka tara, galibi ta hanyar ajo, wato wasa na musamman da ake shirya wa mutum ɗaya, abokan sana'a su zo daga nesa su yi masa wasa, abin da aka tara ya zama nasa domin aure ko jinya ko kama sana'a. Yawan jama'ar da take zuwa ajon mutum gwargwadon ajon da shi ma ya halarta ne a shekarun yawonsa.

Kokawa a Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanya dabam wadda take haska wannan batu. Ita ma wasan kaka ce da samari suke yawo da ita ƙauye-ƙauye, sai dai ta manoma ce, ba ta jingina ga wata sana'ar gado ba. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, gwamnati ta kafa gasar ƙasa wadda aka fara a Tawa, Kantu na Maradi ya zama zakaran farko, kuma tun daga nan gasar take zagaya manyan biranen jihohi, ana ba wanda ya yi nasara takobi da kuɗi. Da hukuma ta ɗauki nauyin tafiya da masauki da horo, sai ɗan kokawa ya sami martabar da ɗan dambe bai samu ba, har aka sa wa filayen wasa sunayen tsofaffin zakaru, amma hidimar neman masauki da sasanta lada da sanin hanya, wadda ita ce take koya wa matashi harkar duniya, wani kasonta ya koma hannun jami'ai.

Bai kamata a ƙawata wannan makaranta fiye da kima ba, domin kuɗin makarantar da jiki ake biyansa. Akwai waɗanda suka fita da karyayyen muƙamuƙi ko mataccen ido ko ciwon kai da ba ya warkewa, akwai waɗanda shaye-shaye ya cinye, musamman da ƙwayoyin kashe zafi suka yawaita a tashoshi, akwai kuma waɗanda ƙarfinsu da sunansu suka kai su bangar siyasa ko gadin masu kuɗi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Iyaye da yawa ba sa bambanta yawon dambe da yawon dandi, kuma suna da dalilinsu. Idan aka duba da kyau za a ga cewa abin da yake raba wanda ya amfana da wanda ya tashi a tutar babu sau da yawa shi ne irin maigidan da ya bi, ko mai sa yaro aiki ne yana nuna masa yadda ake ciniki da yadda ake ajiya, ko kuwa mai tura shi fili ne kawai yana karɓar rabonsa.

A 'yan shekarun nan wasan ya sake shiga wani hannu. Dambe yana cikin wasannin gargajiya da ake yi a Bikin Wasanni na Ƙasa a Nijeriya, tashar Dambe Warriors da aka buɗe a YouTube a 2017 ta kai shi ga miliyoyin masu kallo a ƙasashen waje, kamfanin African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu kuma yana shirya karawa da ƙa'idoji rubutattu da ma'aikatan lafiya a bakin fili da rukunin nauyi. Auna nauyi da tsara karawa tun kafin ranar wasa sun rage wa ɗan dambe bukatar kiyasin da magabatansa suka dogara da shi, wayar hannu kuma ta karɓi wani ɓangare na aikin makaɗi, tun da faifan kisa ɗaya yana zagaya ƙasa kafin gari ya waye. A madadin haka matashin da yake yawo a yau yana bukatar ya san abin da yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta ƙunsa, da wanda ya mallaki hoton wasansa, da yadda ake buɗe asusun banki a karɓi lada ta cikinsa, kuma waɗannan abubuwa ne da yawancin iyayen gidan da suka rene shi ba su koya a nasu yawon ba.